Auduga Ba Ta Hawa Dutse

Sharaɗin da maharbin ya aiko mana da shi gajere ne: duk wanda zai bi shi dawa kada ya sa auduga a jikinsa, kada ya sa wandon jins, kada kuma ya zo da rigar da ke ƙara in an motsa. Bai ce komai a kan bindiga ba, don ba mu za mu riƙe ta ba. 'Yan rakiya ne mu, ni da yayana da ya daɗe yana aikin asibiti a Inverness, can arewacin Sukotlan, kuma wani abokin aikinsa ne ya nemo mana alfarmar. Watan Nuwamba ne, ana tsakiyar harbin matan barewa, wanda dokar ƙasar ta buɗe daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu.

Ga mutumin Kano sharaɗin farko ne mai nauyi. Tun daga singileti har babbar riga, auduga muke taƙama da ita. A Kantin Kwari in ɗan kasuwa zai yabi yadi sai ya murza bakinsa da yatsu, ya rantse maka babu leda a ciki. Ulu kuwa baƙo ne a wurinmu, don tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gajeren gashi gare su, ba a sausaye shi a kaɗa zare. Haka na shiga jirgin ƙasa daga Edinburgh ina ta juya maganar, ina neman laifin da auduga ta yi wa mutanen nan.

Tafiyar wajen awa uku da rabi ce. Bayan Perth da Pitlochry itatuwa suka fara ja da baya. Kafin mu kai mashigar Drumochter, inda dogo ya hau mita 452, wuri mafi tudu a manyan layukan jirgin ƙasa na Birtaniya, ba abin da ya rage sai tsaunuka tsirara, jajaye-jajaye, da farin dusar ƙanƙara a kawunansu. Ba wasu dogaye ba ne. Babbansu, Ben Nevis, mita 1,345 ne, bai kai duwatsun Shere na kusa da Jos ba. Ma'aunin da ke wayata ma bai ba ni tsoro ba, digiri 4 yake nunawa.

Da na faɗa wa Yaya haka a tasha sai ya yi dariya. "Ƙanena, bar kallon lamba," in ji shi. "Waɗanda ake sauko mana da su daga dutse, ba lalle ƙanƙara ce ke kayar da su ba. Jiƙewa suke yi, iska ta same su a haka."

Sanyin da muka sani busasshe ne. Da asubar hunturu leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, amma in mutum ya ninka riga biyu ya yafa gwado ya gama da shi, rana na ɗagawa ya tuɓe. Mafarautanmu da ke fita bayan an kawar da amfanin gona, da rigunansu na saƙi masu layu, ba abin da ke jiƙa su sai guminsu, shi ma iska ta shanye shi kafin a kai wani dajin. A nan ruwa daga tekun Atlantika yake tasowa, ba shi da damina ba shi da rani. Wasu tsaunukan yamma suna samun sama da milimita 3,000 a shekara, ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu. Ƙasar kanta baƙin taɓo ce mai riƙe ruwa, ko ba a yi ruwan sama ba in ka durƙusa sai gwiwarka ta jiƙe.

Abin da ya sa muke son auduga shi ne abin da ya sa suke gudunta. Tana shan gumi, ta riƙe shi, ta manne a fata, sannan ta riƙa sakinsa a hankali tana janye zafin jiki. Randa ke nan: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta iska ke ɗauka, na ciki ya yi sanyi. A watan Afrilu a Kano wannan rahama ce, amma a kan dutse mai digiri 3 da iska, kai ne ruwan da ke cikin randar. Ruwa yana jan zafi fiye da iska wajen sau 25, ɗumin tufa kuma ba a zaren yake ba, yana cikin iskar da ta maƙale a tsakanin zaruruwan. Da ruwa ya cike gurbin nan, riga ta tashi daga aiki. In zafin cikin jiki ya sauko daga digiri 37 ya wuce 35, sai makyarkyata, sai harshe ya yi nauyi, sai mutum ya fara yanke shawarar da ba ta kan hanya.

Mutanen Birtaniya da gawa suka koyi wannan. A watan Maris na 1964 wasu samari uku 'yan sikawut suka mutu a wata gasar doguwar tafiya da ake kira Four Inns, a tsaunukan Derbyshire na Ingila, cikin ruwa da iska. Likitan nan Griffith Pugh, wanda ya bi ayarin da ya fara hawa Everest a 1953, ya ɗauki irin tufafin da suka sa, har da wandon jins, ya gwada su. Ya tarar in sun jiƙe kuma iska tana kaɗawa, kusan duk ɗuminsu ya tafi.

Kafin ranar fita Yaya ya kai ni Beauly, wani ƙaramin gari a yammacin Inverness, inda shagon Campbell's yake ɗinka wa maharba kaya tun 1858. Turamen yadin ulu ne jere har sama, irin wanda ake kira tuwid, mai kauri, mai ɗan kaushi a tafin hannu. Wanda ake shiga dawa da shi yakan kai giram 600 zuwa 700 a mita ɗaya. Manyan gandayen farauta da yawa kowanne da nasa zane, kuma mai gandu ne ke ɗinka wa ma'aikatansa. Launukan daga ƙasar aka ɗebo su: inda duwatsu suke toka-toka yadin ya yi toka-toka, inda ciyawa ke ja da kaka a sa masa ja. Akwai wani kore mai duhu da sirkin shuɗi da ake kira Lovat, sunan gidan sarautar yankin Beauly ɗin. Daga wannan gida ne aka kafa rundunar Lovat Scouts a 1900, aka cika ta da maharban tsaunuka saboda sun iya ɓuya da hangen nesa.

Yadin yana da kyau, tarihinsa ne ba shi da daɗin ji. Kwaruruwan da na gani wayam ta tagar jirgi, a da akwai mutane a cikinsu. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu ƙasa suka tashe su don su zuba tumaki, da tumakin suka daina kawo riba aka mai da wuraren dajin barewa. Bayan Sarauniya Victoria da mijinta Albert sun kama Balmoral a 1848, attajiran kudu suka yi ta sayen gandaye, kowa yana so a gane yaransa daga nesa. A asalinsa tuwid ɗin gandu rigar barori ce. Abin da ya raya shi har yau shi ne barorin sun tarar yana yi musu aiki. Da na ji farashin kwat da wando na mai da hannuna aljihu. Aro muka yi.

Maharbin dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Muka same shi da duku-duku a bakin rumbun da ake rataye nama, sanye da tuwid tun daga hula har wandon da ya tsaya a ƙasan gwiwa, da doguwar safa ta ulu, da wani ƙyalle mai tauri da ya ɗaure ƙwaurinsa zuwa bakin takalmi. Kafin ya gama amsa gaisuwa ya kai hannu ya ɗaga wuyan rigata ya leƙa ta ciki. Marino ce, ulun tumakin da asalinsu Sifen, yanzu Ostireliya ta fi kiwonsu. Silin gashinsa siriri ne ƙwarai, bai kai rabin kaurin gashin kan mutum ba, shi ya sa ba ya ƙaiƙayi a fata. Ya gyaɗa kai. Sannan ya kama hannun jaket ɗin Yaya ya goga shi a ƙirjin rigar, ya karkata kunne. Ƙara ta fito, shuu, shuu, ta nailan. Bai ce uffan ba, ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar kwat mai faci a gwiwar hannu ya miƙa masa.

"Yaya, rigar da ka ce ta fi albashina tsada ce aka ƙi?" na ce masa a hankali.

"Rufe mini baki, kai dai," in ji shi, yana cusa hannu a ta aro.

Jaket ɗin shuɗiya ce kuma, laifi na biyu ke nan. Binciken da aka yi a Amurka kan idon barewa ya nuna tana ganin shuɗi sosai, amma ja da ruwan lemo ba sa fita mata daga cikin kore yadda suke fita mana. Shi ya sa jihohi da yawa a can suka tilasta wa mafarauta sa riga mai ruwan lemo mai ƙyalli: ɗan'uwanka mai bindiga ya gan ka, dabba ba ta damu ba. Babbar rigar da aka rina a Ƙofar Mata, komai kyanta, tuta ce a idon barewa. Dattijon dai bai ɗauki launi da zafi haka ba. A ganinsa abin da ke tona mutum shi ne warinsa in iska ta juya, da motsi, da tsayuwa a kan tudu inda sama ke bayansa, sannan ƙara.

A gindin dutsen ya sa muka tuɓe suwaita muka cusa a jaka, ga haƙora suna haɗuwa. Ya ce wanda ya fara hawa da ɗumi zai isa sama a jiƙe. Tafiyarsa a hankali take, taki ɗaya ba ƙari ba ragi, kuma yana tsayawa tun kafin goshi ya yi danshi, ba bayan ya yi ba. In ya tsaya sai ya zauna ya jingina, ya zaro wani dogon madubin hangen nesa mai shiga cikin juna, ya dafa shi a sandarsa ya bi kwarin da kallo, sannan ya tsinki busasshiyar ciyawa ya saka a iska ya ga inda ta nufa. A nan na ga wahalar da ke cikin zaɓen tufar farauta. Mai hawa dutse don nishaɗi yana tafiya ne har ya sauko, jikinsa na ta hura wuta. Maharbi zai yi hawan da ke kawo gumi, sannan ya kwanta a ƙasa kamar gawa, ba ya ko iya goga hannu. Riga ɗaya ake so ta yi aikin nan biyu, kuma ta yi shi shiru.

Da ya hango garken a wani lungu da ke fake da iska, sai aka koma rarrafe, daga baya jan ciki. Duk wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane yana tafe a duƙe, zai gane dabarar, sai dai shi ƙaya da tsakuwa yake fama da su, mu ruwa. Muka bi wata 'yar ƙorama a kan gwiwa da gwiwar hannu, muka ratsa gajeriyar ciyawar nan mai itace da ta rufe tsaunukan. Rassanta suna karce wandon tuwid ɗin ba ka jin komai. Muka kwanta a bayan wani tudu. Bareyin suna kwance su ma, suna tuƙa, shi kuma ba ya harbi sai wadda ya zaɓa ta miƙe ta ba shi gefe. Sai jira.

Yayyafi ya sauko, mai haɗe da ƙanƙara. Fuskata tana dab da hannun rigar Yaya, ina kallon ɗigon ruwa suna sauka a kan 'yan gashin da suka miƙe a bayan yadin, su tsaya dunƙule, su gangara. Haka silin ulu yake, bayansa yana korar ɗigo, cikinsa kuma yana shan tururin jiki har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba. A murɗe yake kuma, ba ya kwanciya, don haka ko ya sha ruwa akwai sauran iska a tsakani. Gwiwoyina sun jiƙe tun a ƙorama, na san sun jiƙe, amma danshin ya ɗauki ɗumin jikina ya tsaya a nan, bai zama wuƙar nan da rigar auduga ke zama ba. Inda na ji jiki shi ne yatsu da kunne.

Kada a ɗauka ulu ba shi da aibi. In ya ƙoshi da ruwa nauyi yake yi kamar ka goya yaro, ba ya bushewa da wuri, iska mai ƙarfi kuma tana ratsa shi. Dattijon da kansa ya ce kaya fiye da ɗaya gare shi, yau wannan gobe wancan, ɗaya na rataye a ɗakin shanya. Samarin maharba da yawa sun koma jaket ɗin zamani mai siririyar fata a tsakiya. Wannan ta samo asali ne a 1969, lokacin da Bob Gore a Amurka ya fizgi wata roba mai zafi ta miƙe ta zama mai ƙananan ƙofofi, waɗanda ɗigon ruwa ba ya shiga amma tururi yana fita. Ita ce Gore-Tex. Tana tare ruwa da iska fiye da kowane tuwid, sai dai in ana hawa ba ta fitar da gumi da saurin da jiki ke yinsa, kuma sai an lulluɓe bayanta da yadi mai laushi kafin ta yi shiru. Filis, yadin roba mai laushi wanda masaƙar Malden Mills ta fito da shi a farkon shekarun 1980, ba nauyi, yana bushewa nan da nan, amma iska na wucewa ta cikinsa kamar ba a sa komai ba, tartsatsin wuta kuma ya huda shi. Rigar gashin agwagwa ta fi duka ɗumi a busasshen sanyi, da ta jiƙe ta lafe ta zama tsumma. A ra'ayina, a ƙasa mai ruwa irin wannan, wadda ke manne da fata ita ce ba a wasa da ita; na sama kowa ya bi aljihunsa da kunnen dabbar da yake nema.

Harbi ɗaya ya yi. Tsohuwa ce ramammiya, wadda da wuya ta ga ƙarshen sanyin. Wannan farautar aiki ce kafin ta zama nishaɗi: an ƙarar da kyarkeci a Sukotlan ɗaruruwan shekaru da suka wuce, bareyi ba su da mai cinsu, an kiyasta sun kai wajen miliyan ɗaya, suna cinye duk ɗan itacen da ya tsiro. Ya naɗe hannun kwat ɗinsa, ya farke cikin a nan take ya zubar da kayan ciki, tururi na tashi. Mu kuma muka fake a bayan wani dutse muka yi azahar da alwalar gida, don a watan nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, la'asar na bin azahar a guje.

Saukowa ta fi hawa sa gumi, saboda jan gawar da igiya zuwa inda mota mai ƙafa takwas za ta iya isowa. Wasu gandayen har yanzu doki suke ɗora wa. Muna tsayawa, tun ba mu fara jin sanyi ba, dattijon ya ce a fito da duk abin da ke jaka a sa.

Daga baya na hau jirgin ruwa daga Ullapool zuwa Stornoway a tsibirin Lewis, tafiyar wajen awa biyu da rabi, don in ga inda ake saƙa Harris Tweed. Yadi ne da majalisar Birtaniya ta yi wa doka tasa a 1993: sai an rina ulun an kaɗa shi a Lewis ko tsibiran da ke kusa da shi, ɗan tsibiri ya saƙa shi a gidansa da ƙarfin jikinsa, an kuma gama shi a nan, kafin a buga masa hatimin ƙwallo mai gicciye a ka. Masaƙin da na ziyarta yana aiki a wata rumfar kwano a gefen gidansa, yana taka feda, masaƙar ƙarfe na amsawa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ya tsinko zare ɗaya ya warware shi a tafin hannuna. Abin da na ɗauka ruwan ƙasa ne sai ga rawaya, ga kore, ga ja, ga ɗan shuɗi. Mu zare muke rinawa ko ƙyallen da aka gama, su gashin suke rinawa tun yana sako-sako, su gauraya launuka bisa awo, sannan a kaɗa. Shi ya sa daga nesa yadin ba ya zama tabo ɗaya a jikin tudu.

Da na ba shi labarin jan cikin da muka yi sai ya girgiza kai. Ya ce nasa bai kai na gandu matsewa ba, ƙaya da reshe za su ja shi. Irin wancan masaƙun inji na babban yanki ke yi, kamar Johnstons na Elgin da ke aiki tun 1797. A 1966 tsibiran sun saƙa yadi miliyan 7.6, daga nan kayan roba suka karya kasuwar, abin da ya farfaɗo da ita kuma kwalliya ce: kwat ɗin birni, jakunkuna, huluna, har takalman Nike. Mai sauƙin nauyi aka fi nema yanzu.

A wani shago a Stornoway na sayi abin da zai isa falmaran, daga cikin mara nauyin, saboda hunturu. Mai shagon ta naɗe shi, ta haɗa mini da 'yar takardar hatimin da za a ɗinka a ciki, ta ja mini kunne kada a wanke shi da ruwan zafi, kada kuma a ɗora masa dutsen guga kai tsaye sai an shimfiɗa ƙyalle mai danshi. Na rubuta duka biyun a bayan rasit saboda telana na Fagge, wanda bai taɓa ganin yadin da bai danna wa gawayi ba.